Nana Asma'u da Ƴan Taru

1. Ƙuruciya a Degel

An haifi Nana Asma'u a shekara ta 1793, a wani ƙaramin gari mai suna Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Ubanta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, babban malamin nan da aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yanzu. Sunan uwarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada, da sunan tagwaye za a kira ta. Amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyadina Abubakar, wadda ta taimaki Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, lokacin hijira.

Tun tana ƙarama uwarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta. Gidan Shehu gidan karatu ne. Maza suna karatu, mata suna karatu. Asma'u ta fara da allo kamar kowane yaro, har ta haddace Alƙur'ani, sannan ta shiga littattafai. Ta iya harsuna 4: Fulatanci, da Hausa, da Larabci, da Buzanci, wato Tamajak.

A wancan zamani ba kowa ya yarda da karatun mata ba. Malamai da yawa suna koyar da almajirai a zaure, amma su bar matansu da ɗiyansu cikin duhun kai. Shehu ya soki wannan hali a cikin littafinsa Nurul Albabi. A ganinsa, neman ilimi wajibi ne bisa mace kamar yadda yake wajibi bisa namiji. Idan ya fita wa'azi, mata suna zuwa su zauna gefe guda su saurara. Waɗansu malamai sun zarge shi a kan haka, amma bai bari ba. Cikin wannan gida Asma'u ta buɗe ido.

2. Shekarun yaƙi

A shekara ta 1804 rigima ta yi tsanani tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'a suka tashi daga Degel, suka yi hijira zuwa Gudu. Aka ɗora littattafai bisa raƙuma, mata da yara suka bi da ƙafa. Lokacin nan Asma'u tana da shekara kamar 11.

Daga nan yaƙi ya tashi. Jama'ar Shehu sun ci nasara a Tabkin Kwatto, amma an kashe musu mutane da yawa a Tsuntsuwa, har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Suka yi ta yawo daga wannan wuri zuwa wancan, daga Zamfara zuwa Gwandu. Asma'u ta ga yunwa da cuta da idonta. Ta ga matan da aka kashe wa maza, ta ga marayu. Ba ta manta da su ba har ƙarshen ranta.

A shekara ta 1807 aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin wanta Muhammadu Bello. Aure bai raba ta da karatu ba, domin shi ma Giɗaɗo malami ne. Allah ya ba su ɗiya maza 6, na farin ya rasu tun yana jinjiri. A shekara ta 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Bayan haka Bello ya gina Sakkwato. Shehu ya rasu a can a shekara ta 1817, Bello ya gaje shi, Giɗaɗo kuwa ya zama wazirinsa.

3. Alƙalami da tawada

Bayan rasuwar Shehu, Asma'u ta sa hannu wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Aiki ne mai wuya, domin babu injin buga littafi a ƙasar. Kowane littafi da hannu ake juyar shi, takarda kuwa daga nesa fatake suke kawo ta.

Ita ma ta shiga rubuta nata. Littafinta na farko da aka sani ta rubuta shi wajen shekara ta 1820. Rubuce-rubucenta da suka iso wannan zamani sun kai kamar 60, yawancinsu waƙoƙi ne. Idan da manyan malamai take magana, sai ta yi Larabci. Idan da danginta ne, sai Fulatanci. Idan kuwa tana son talakawa su ji, sai ta yi Hausa, ta rubuta da ajami.

Ta mai da waƙar ubanta mai suna Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙa ce mai jan kunnen masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa a kan zalunci. Ta tsara wata gajerar waƙa wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, don masu koyo su riƙe su da sauƙi. Ta yi wata kuma a kan mata salihai, tun daga matan Annabi har zuwa matan da ta sani a Degel da Sakkwato. Da wannan waƙa ta nuna wa mata cewa tun da can akwai malamai da waliyyai a cikinsu.

4. Matan da ba su iya zuwa makaranta

Yaƙi bai ƙare da cin Alƙalawa ba. Katsinawa sun kafa mulkinsu a Maraɗi, Gobirawa kuma ba su saduda ba. A shekara ta 1836 aka yi babban yaƙi a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri.

Kowane yaƙi mata ne suke shan wahalarsa. Waɗansu sun rasa mazansu. Waɗansu an kamo su daga garuruwansu, an kai su gidajen da ba su san kowa ba. Ga kuma matan ƙauye masu yawa, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Safe da marece suna daka, suna ɗiban ruwa, suna kaɗi, suna renon yara. Malami namiji ba ya shiga wurinsu. Su kuma ba su iya barin gida da goyo su tafi birni neman karatu.

Asma'u tana koyar da mata a cikin gidanta, amma ɗaki guda ba ya ɗaukar matan ƙasa duka. Ita kaɗai kuma ba ta iya zaga ƙauyuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka, wajen ƙarshen shekarun 1830, ta fito da wata dabara. Tun da mata ba su iya zuwa wurin ilimi, to, mata ƴan'uwansu ne za su kai musu shi har gida.

5. Jaji da malfa

A ƙauyuka aka riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali, mai riƙon amana, wadda mutane suke jin maganarta. Ana kiran ta jaji. A wurin fatake, jaji shi ne mai shiga gaban ayari. Ita ma jaji ita take shiga gaban ayarin mata zuwa wurin Asma'u. Waɗanda take ja su ne ƴan mata da ba su isa aure ba, da tsofaffi waɗanda suka gama haihuwa, domin su ne suke da damar tafiya. Wannan ƙungiya ita ake kira Ƴan Taru, wato masu taruwa.

Da ƙafa suke tafiya, waɗansu daga nesa ƙwarai. Suna riƙe da sadaka gwargwadon hali, kamar hatsi da zuma da tufafi. Asma'u takan raba kayan ga mabukata. Idan sun iso, sai ta saurari damuwarsu, ta amsa tambayoyinsu, ta koya musu waƙoƙinta har su hardace.

Me ya sa ta zaɓi waƙa? Domin waƙa ba ta bukatar takarda. Macen da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe ta a ka. Tana iya rera ta tana daka ko tana kaɗi, ɗiyarta tana ji. Cikin waƙar akwai yadda ake alwala da salla, akwai tarihin Annabi, akwai gargaɗi a kan ƙarya da gulma da tauye mudu. Waƙar ita ce littafin, jaji ita ce malamar, tsakar gida ita ce makarantar.

Kowace jaji Asma'u takan naɗa ta da malfa da jan rawani. Wannan malfa tana da tarihi. A Gobir, Inna ce take sa irinta. Inna babbar mace ce ta gidan sarauta, ita ce shugabar mata da ta ƴan bori, kuma har yanzu akwai wannan sarauta a Tsibiri. Asma'u ba ta yarda da bori ba, ta yi wa'azi a kansa. Amma ta san matan ƙasar sun saba girmama mai malfa. Sai ta ɗauki alamar da suka sani, ta ɗora ta a kan malama. Duk wanda ya hangi malfa da jan rawani bisa hanya ya san shugaba ce tafe, sai ya ba ta girmanta.

6. Aikin Ƴan Taru a garuruwansu

Idan ayari ya koma gida, nan ne aikin yake farawa. Jaji da mutanenta suna shiga gida gida, suna koya wa matan aure abin da suka ɗauko. Ba karatu kaɗai suke yi ba. Suna duba marasa lafiya. Suna taimakon mai haihuwa. Suna wankan gawar mace yadda addini ya tsara. Suna sulhunta masu faɗa, suna tara taimako don gajiyayyu. Ta haka macen ƙauye ta san abin da yake kanta, ta kuma san haƙƙinta. Wanda ya san haƙƙinsa kuwa ba a cutar shi da sauƙi.

Asma'u ba ta raina waɗannan mata ba. Ta yi waƙoƙin makoki ga manya, kamar wanta Bello da ya rasu a Wurno a shekara ta 1837, da mijinta Giɗaɗo. Amma ta yi irinsu ga talakawa. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu wadda take zama wurin mata masu naƙuda. Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da ba wanda ya san sunayensu yau.

Asma'u ba ta nemi sarauta ba, ba ta kuma ce a rushe zaman gida irin na zamaninta ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne, a wajen ilimi mace da namiji ɗaya suke. Sarakuna suna neman shawararta, malamai na nesa suna rubuto mata takarda tana ba su amsa. Wannan kaɗai ya ishi mai cewa karatu ba na mata ba ne.

7. Abin da ta bari

Nana Asma'u ta rasu a shekara ta 1864, tana da shekara 71. An rufe ta a Hubbare, cikin Sakkwato, kusa da kabarin ubanta. Ɗanta Abdulƙadir ya yi waziri, kuma sarautar waziri ta zauna a cikin zuriyarta.

Aikin Ƴan Taru bai mutu tare da ita ba, domin ba a hannun mutum guda ta bar shi ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi a Wurno. Bayan Maryam, sai Ta Modi ta karɓa. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a shekara ta 1903, mulki ya sake, amma mata ba su bar taruwa ba.

Takardun Asma'u sun tsira a gidan waziri. Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ya buɗe su ga masu bincike. Wata Baturiya mai suna Jean Boyd ta rubuta tarihinta a shekara ta 1989. A shekara ta 1997 aka buga rubuce-rubucenta cikin littafi guda. Yanzu akwai makarantun mata da yawa masu sunanta.

A ƙasar Hausa mata suna da ƙungiyoyi iri iri a yau. Akwai na karatun manya, akwai na asusu, kamar Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a shekara ta 1991. Aikinsu ya bambanta da na Ƴan Taru, amma hanyar guda ce: mata su taru, su zaɓi shugaba daga cikinsu, wadda ta sani ta koya wa wadda ba ta sani ba. Yarinyar da take zaune cikin aji, tana karanta wannan labari da harshenta, ita ma tana da abin da za ta kai gida.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Nana Asma'u, kuma a wace shekara?
2. Waɗanne harsuna ta iya? Da wane harshe take yi wa talakawa waƙa?
3. Me ya hana matan ƙauye zuwa neman karatu?
4. Wace ce jaji? Da me ake gane ta?
5. Me ya sa Asma'u ta zaɓi waƙa don koyarwa?
6. Ku kawo ayyuka 3 da Ƴan Taru suke yi a garuruwansu.
7. Me ya sa aikin Ƴan Taru bai tsaya ba bayan rasuwarta?

Aiki

Ku tambayi iyayenku mata ko akwai ƙungiyar mata a garinku ko a unguwarku. Ku rubuta sunanta, da aikin da take yi, da yadda ake zaɓen shugabarta.