Labarin Hubert Ogunde, Mai Wasan Kwaikwayo

Ku sani, ya ku malamai da fatake, an haifi Hubert Ogunde a Ososa, kusa da Ijebu-Ode cikin ƙasar Yarabawa, a shekarar 1916. Ya yi malantar makaranta, sa'an nan ya yi ɗan sanda, kana ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo a Ikko.

A 1949 'yan sandan Gwamnatin Turawa suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu, masu neman hakkinsu. Ogunde ya tsara wasa a kan wannan masifa, ya zaga da shi gari gari, don kada 'ya'ya su manta da jinin iyayensu. Da ya kawo shi Kano a 1951, hukuma ta hana, aka kai shi kotu.

Turawa suka sauka a 1960, amma suka bar bulalarsu hannun magada. A 1964 gwamnatin Akintola ta Jihar Yamma ta haramta wasanninsa saboda wasan Yoruba Ronu, ba a sake shi ba sai 1966. Dukan da ya sha a hannun baƙo, shi ya maimaita sha a hannun ɗan gida.

Ya mutu a Landan a 1990. Allah ya tsare mu da gadon zalunci, amin. Tamat.