Max Rosenheim

Max Leonard Rosenheim (15 ga Maris, 1908 – 2 ga Disamba, 1972) likita ne kuma malamin jami'a ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya ƙware a kan cututtukan ƙoda da hawan jini. Ya shugabanci Kwalejin Likitoci ta Masarauta da ke Landan daga 1966 zuwa 1972. An fi tunawa da shi saboda rahoton 1972 mai ɗauke da sunansa, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin hana yaɗuwar ciwon hanta a sassan wankin ƙoda na asibitoci.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a Landan. Ya yi karatu a makarantar Shrewsbury, sannan ya wuce Kwalejin St John's ta Jami'ar Cambridge. Ya kammala karatun likita a makarantar asibitin University College da ke Landan, kuma a nan ya yi mafi yawan shekarun aikinsa.

Maganin cutar mafitsara

A farkon shekarun 1930, kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, akan yi wa masu cutar mafitsara da hanyar fitsari magani ne da abinci. Akan hana majinyaci kayan sitaci da sukari, a ba shi mai da kitse da yawa, har jikinsa ya fara fitar da wani sinadari mai tsami a cikin fitsari, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar. Abincin yana da wuyar jurewa. Rosenheim ya nemi wani sinadarin mai kama da wannan, wanda za a sha ta baki ya fito a fitsari ba tare da jiki ya narkar da shi ba. A 1935 ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da sinadarin mandelik asid, aka kuma karɓe shi a matsayin magani. Bai daɗe yana tashe ba, domin magungunan salfa sun shigo a daidai wannan lokaci suka sha gabansa, amma aikin ya sa an san sunan matashin likitan.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a rundunar likitocin sojan Birtaniya, har ya zama babban likita mai ba da shawara ga sojojin ƙawance a kudu maso gabashin Asiya. A 1950 aka naɗa shi farfesa a makarantar da ya fito.

Annobar ciwon hanta a sassan wankin ƙoda

Wankin ƙoda na dogon lokaci ya fara yaɗuwa a Birtaniya a tsakiyar shekarun 1960. Injinan lokacin ba irin na yanzu ba ne: akan harhaɗa matatar jinin da hannu, a wanke ta a sake amfani da ita, jini kuma yakan zuba ya taɓa ma'aikata. Majinyatan suna fama da ƙarancin jini, don haka ana yawan yi musu ƙarin jini, alhali ba a fara tantance jinin ba. Ga shi kuma mai ciwon ƙoda garkuwar jikinsa tana da rauni, sai ya ɗauki ƙwayar ciwon hanta nau'in B ya ci gaba da yaɗa ta ba tare da alamar ciwo mai tsanani ba. Ma'aikata masu ƙoshin lafiya kuwa, idan ta kama su, takan kwantar da su sosai.

Tsakanin 1965 da 1971 cutar ta ɓarke sau 12 a sassan wankin ƙoda na ƙasar, ta kama mutum 357, ta kashe 18. Ɓarkewar da ta fi muni ita ce ta birnin Edinburgh, wadda ta fara a 1969, inda majinyata da ma'aikatan asibiti suka rasu. Tsoro ya shiga ma'aikata, faɗaɗa wankin ƙoda ya tsaya cik a wurare da dama.

A 1970 gwamnati ta kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Rosenheim. Lokacin babu allurar rigakafin cutar, sai a farkon shekarun 1980 aka same ta. Abin da kwamitin ke da shi a hannu shi ne sabon gwajin jini da ya samo asali daga binciken Baruch Blumberg na Amurka, wanda ke nuna mai ɗauke da ƙwayar. A kan wannan gwaji aka gina rahoton. Ya nemi a gwada majinyaci kafin a karɓe shi, a riƙa maimaita gwajin ga majinyata da ma'aikata, a tantance duk jinin da za a ƙara, a kuma rage ƙarin jinin iya gwargwado. Wanda aka samu da ƙwayar sai a keɓe shi da injinsa daban. Ya kuma wajabta safar hannu da rigar kariya, ya hana ci da sha da shan taba a ɗakin wanki, ya tsara yadda za a kai samfurin jini ɗakin gwaje-gwaje. Haka nan ya ƙarfafa yin wankin a gida da dashen ƙoda, domin rage cunkoso a asibiti.

Babu wani abu mai sarƙaƙiya a cikin matakan. Ƙarfinsu shi ne an tattara su wuri guda an kuma bi su a ko'ina. Bayan haka ciwon hanta nau'in B ya yi ƙasa ƙwarai a sassan wankin ƙoda na Birtaniya, tun kafin zuwan rigakafi. A 2002 Ma'aikatar Lafiya ta sabunta ƙa'idojin, ta haɗa da ciwon hanta nau'in C da ƙwayar HIV.

Shugabanci da rasuwa

A zamanin shugabancinsa, kwalejin ta fitar da rahotonta na biyu a kan illar taba sigari a 1971. Ya kuma taimaka wajen haɗe jarrabawar ƙwarewa ta kwalejojin likitoci na Landan, Edinburgh da Glasgow ta zama guda. An ba shi sarautar Sir a 1967, ya shiga Majalisar Dattawan Birtaniya a 1970 da laƙabin Baron Rosenheim. Bai yi aure ba. Ya rasu a Disambar 1972 yana da shekara 64, a shekarar da rahoton ya fito.