James Parkinson: Likitan da Ya Nazarci Karkarwar Jiki

An haifi James Parkinson a unguwar Hoxton ta birnin Landan ranar 11 ga Afrilu, 1755. Mahaifinsa likita ne, kuma shi ya gada a 1784. Ban da duba marasa lafiya, ya yi rubuce-rubucen siyasa yana kare talakawa, har hukuma ta yi masa tambayoyi a 1794 kan zargin wata maƙarƙashiyar kashe Sarki George na Uku. Ya kuma shahara wajen nazarin burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsu.

A 1817 ya wallafa ɗan littafin da ya dawwamar da sunansa. A ciki ya bayyana halin mutum shida, waɗanda uku daga cikinsu a kan titi ya gamu da su. Ya lura da karkarwar hannu ko mutum na hutawa, da ranƙwafawa, da gajerun taku masu sauri, da yadda magana ke dusashewa har a kasa fahimtarta. Sai dai ya ɗauka cewa cutar ba ta taɓa hankali. Ya rasu ranar 21 ga Disamba, 1824, bayan shanyewar jiki da ta taɓa maganarsa. Fiye da shekara 50 bayan fitar littafin, Jean-Martin Charcot na Faransa ya raɗa wa cutar sunansa.

Binciken baya ya gyara wannan hukunci nasa. Cutar na tasowa ne daga mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, kuma hanyoyin da ke sarrafa motsi suna da hannu a tsara tunani. Saboda haka majiyyata da dama kan fuskanci nawar tunani da wahalar lalubo kalma.

Wannan batu ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kai tsaye. Cutar kan sa murya ta yi rauni, ta rasa hawa da sauka. Hausa da Barbarci, waɗanda ake ji a kasuwar Diffa da ƙauyukan gaɓar Komadugu irin su Assaga, harsuna ne masu karin sauti. Karin sauti ne kaɗai ya raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ke nufin wahala. Idan muryar dattijo ta miƙe, ana iya zaton ya ruɗe, alhali yana sane da abin da yake nufi. Bambance matsalar furuci da matsalar tunani aiki ne da ke buƙatar likita da masanin harshe tare.