Waliyyi Yohanna Bosko, Uban Masu Koyon Sana'a

An haifi Yohanna Bosko ranar 16 ga Agusta, 1815, a ƙauyen Bekki da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ɗan shekara biyu, ya tashi cikin talauci a hannun mahaifiyarsa Margarita. Ya yi ƙodago a gonakin mutane, ya kuma taɓa ɗinki da ƙira domin biyan kuɗin makaranta, har aka keɓe shi firist a 1841.

A birnin Turin ya tarar da samari 'yan ƙauye da suka kwararo neman aiki, ba masauki, ba mai tsaya musu. Wasu har sun ƙare a kurkuku. Fada Bosko ba shi da dukiya, sai ƙafa da haƙuri. Ran Lahadi yakan tara su domin addu'a, karatu da wasa. Sauran ranaku kuwa ya bi shaguna yana nema musu aiki, yana kuma komawa ya ga yadda ake riƙe da su.

Bai tsaya ga alkawarin baki ba. Har yau akwai yarjejeniyar da aka rubuta ranar 8 ga Fabrairu, 1852, tsakanin wani kafinta da yaronsa, da sa hannun Fada Bosko. Ta wajabta wa maigida ya koyar da sana'ar sosai, ya yi gyara da baki ban da duka, ya ba da hutun ranakun ibada, lada kuma ya riƙa ƙaruwa. A 1853 ya buɗe wurin koyon ɗinki da gyaran takalma a unguwar Baldoko.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, masu aikin sa kai ne suka tallafe shi. Margarita ta bar ƙauye a 1846, ta yi shekara 10 tana dafa wa yaran abinci har rasuwarta. Shi kuma ya rasu ranar 31 ga Janairu, 1888. Paparoma Piyus na 11 ya ayyana shi waliyyi a 1934.

'Yan'uwa, da an kammala kaka, samarinmu na Karfi da kewaye sukan nufi Malumfashi, Funtuwa ko Kano cin rani. Tela, kafinta ko makaniki da ke cikinmu, in ya riƙe yaro ɗaya, ya tsaya masa, ya riƙa bin sawunsa, ya bi tafarkin wannan bawan Allah.

Waliyyi Yohanna Bosko, ka yi addu'a dominmu.