Jaki Robinson: soja, malami, ɗan wasa (1919-1972)

Daga Dakoro har Kornaka, in an ce wasa, kokawa ake nufi, ko langa, ko ƙwallon ƙafa. A Amurka kuwa akwai wani wasa da ake kira besbol. Mutum tara-tara ake yi: wani ya jefo ƙwallo mai girman lemo, wani ya buge ta da kulki, ya ruga ya zagaye fili. Tun ƙarshen ƙarni na 19 manyan ƙungiyoyin wannan wasa suka daina ɗaukar baƙar fata. Wanda ya karya wannan shinge shi ne Jaki Robinson.

An haife shi ran 31 ga Janairu 1919 a jihar Jojiya, gidan talakawa masu noma gonar wani a raba amfani. Da uban ya bar gida, sai uwar ta kwashi ƴaƴanta biyar zuwa Kalifoniya, tana aikatau tana ciyar da su. Jaki ne auta. Wansa Mak shi ya zo na biyu a tseren mita 200 a Barlin cikin 1936. Da ya komo gida, aikin sharar titi ya samu.

Cikin 1942 aka ɗauki Jaki soja, a 1943 ya zama ƙaramin hafsa. Ran 6 ga Yuli 1944, a wani barikin jihar Tekzas, ya shiga motar soji, sai direba ya umurce shi ya koma kujerun baya, inda aka saba tura baƙar fata. Ya ƙi tashi. Aka kai shi gaban kotun soja, kotu ta wanke shi, amma rundunarsa ta tafi yaƙi Turai ba shi. A shekarar nan ce kuma, ran 1 ga Disamba, aka buɗe wa sojojin Afirka wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar, don sun nemi kuɗinsu a hannun Faransa. Kakin soja bai rufe launin fata ba, can ko nan.

Da aka sallame shi, sai ya kama aikin malanta a wata ƙaramar kwaleji ta baƙar fata a garin Austin, yana koyar da motsa jiki, yana horar da ƴan ƙwallon kwando. Ɗalibai ƙalilan ne suka fito, har wani lokaci shi da kansa yake shiga fili ya cike gurbi. An fi cin su, amma an shaide shi da ladabtar da yara.

Cikin Agusta 1945, yana besbol a wata ƙungiyar baƙar fata, sai Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya kira shi. Zai ɗauke shi, amma da sharaɗi guda: komi aka yi masa, kada ya rama. Abin da nauyi, don kuwa mutumin da ya ƙi barin kujera ake nema ya naɗe hannu. Amma ya san in ya ɗaga hannu sau ɗaya, za a ce baƙar fata ba su iya zama da mutane, a rufe ƙofar ga na bayansa. Ya yarda.

Bayan shekara guda a Montreal ta Kanada, ya fito fili a birnin New York ran 15 ga Afrilu 1947. An zage shi, an auna shi da ƙwallo, an taka shi da takalmi mai ƙusa, an aiko masa wasiƙun barazana, wasu masaukai sun hana shi kwana tare da abokan wasansa. Ya haɗiye. Ƙarshen shekara aka zaɓe shi gwanin sabbin ƴan wasa, a 1949 gwanin gasarsu duka, a 1955 kuma suka ci kambun ƙasa.

Ya bar wasa cikin 1957, ya shiga fafutukar neman haƙƙin baƙar fata, ya taimaka aka kafa banki a unguwar Harlem cikin 1964. Ciwon sukari ya kusa makantar da shi. Kwana 9 kafin rasuwarsa ya tsaya gaban taro ya nemi a ba baƙar fata jagorancin babbar ƙungiya, abin da bai faru ba sai 1975. Ya rasu ran 24 ga Oktoba 1972, yana da shekara 53. Cikin 1997 manyan ƙungiyoyin suka yanke cewa ba za a ƙara ba wani sabon ɗan wasa lambar rigarsa, 42, ba.