Tarihin Marigayiya Dakta Ladi Kwali, Maginiyar Tukwanen da Ke Bayan Naira Ashirin

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a Kasuwar Sabon Gari ko a Kantin Kwari, ko ya sallami mai ruwa a lungunan Fagge, ya riƙe hoton wannan baiwar Allah a hannunsa, ko ya lura ko bai lura ba. A fuskar takardar naira ashirin akwai hoton Janar Murtala Ramat Muhammed, ɗan Kano, wanda ba sai an gabatar mana da shi ba. A bayanta kuwa akwai wata mace tana aikin tukunya. Ita ce Hadiza Ladi Kwali, wadda Babban Bankin Nijeriya ya sanya hotonta a sabuwar takardar da ya fitar a shekarar 2007. Mun ga ya dace mu kawo tarihinta domin amfanin masu sana'ar hannu na karkara da na birni, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda kula da irin waɗannan sana'o'i ya rataya a wuyansu.

An haifi Ladi wajejen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, wanda a yau yake cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi karatun boko ba. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, don haka tun tana yarinya ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Yadda suke ginin shi ne, maginiya za ta ɗora curin yumɓu, ta rarake cikinsa, ta riƙa jan bangonsa sama tana ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu, tana kewaya tukunyar da ƙafarta har ta tashi, sannan ta daidaita ta da ɗan faffaɗan katako. Babu inji, babu ma'auni, ido ne da hannu kawai. Kafin yumɓun ya bushe sai a yi masa zane, daga nan a tara busasshiyar ciyawa da ƙirare a gasa a fili.

A wajen zanen nan ne Ladi ta yi wa tsararrakinta fintinkau. Takan raba jikin randa gida-gida da layuka, a kowane gida ta zana kunama ko ƙadangare ko kada ko hawainiya ko kifi ko tsuntsu, ta cike tsakani da ƙananan tsage. Tukwanenta sun yi suna har Mai Martaba Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya mallaki wasu daga ciki ya ajiye a fadarsa domin ado. Abujar da muke nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda ta koma Suleja bayan an ba sabon babban birnin ƙasa sunanta.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew, wanda ya taɓa aiki a ƙasar Gana, domin ya duba yadda za a inganta sana'ar a Nijeriya. Ya zazzaga ƙasar, a fadar Abuja kuma ya ga tukwanen Ladi. A garin ne ya kafa Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane, wadda ta fara aiki a 1952, saboda akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarki. Da farko maza kaɗai ake ɗauka. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a cibiyar.

A can ta koyi gini a kan faifan juyi, da haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya ya narke ya zama kamar gilashi, da gashi a rufaffen murhu wanda zafinsa ke haura digiri 1,200. Ta yi farantai da kwanuka da butoci da kofuna. Amma ba ta saki ginin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, da siffarsu ta Gwari da zanensu, sai dai da yumɓun cibiyar, a shafa musu ƙyalli a gasa a murhun zamani.

A nan akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba, domin shi ne ya sauya hanyar cin abincinta. Kowace uwar gida ta san dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: jikin randar yana tsattsafo, iska tana busar da danshin, ruwan ciki yana hucewa. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ga tsadar da matar ƙauye ba za ta iya ba. Wato randar Ladi ta cibiya ta tashi daga kayan amfanin gida, ta koma abin kallo da ajiya. Masu sayenta su ma suka sauya, daga matan kasuwar ƙauye zuwa Turawa ma'aikata da manyan jami'ai da masu tara kayan fasaha a ƙasashen waje. Shi kansa Cardew burinsa na farko shi ne 'yan Nijeriya su riƙa cin abinci a farantan ƙasarsu maimakon na shigowa, amma wannan buri bai cika yadda ya so ba, domin langa da kwanon sha da samira, irin waɗanda ke cika rumfunan Sabon Gari ana jera wa amare, sun fi araha, kuma ba sa fashewa. Abin da ya ɗaga sunan cibiyar a duniya shi ne ginin gargajiyar da Ladi ta zo da shi daga gida.

Wani abu kuma da ake yawan tsallakewa shi ne hatimi. A al'ada tukunya ba ta ɗauke da sunan maginiyarta. Da zarar ta bar hannu ta shiga kasuwa, shi ke nan. A cibiyar Abuja kuwa kowane magini yana da tambarinsa da yake dannawa a jikin aikinsa kusa da tambarin cibiyar. Na Ladi haruffa biyu ne, LK. Da wannan ɗan tambari ne mai saye a Landan yake neman aikinta ita kanta, kuma da shi ake gane tukwanenta har yau. A ganinmu, wannan da aikin albashi mai ɗorewa da ta samu su ne suka bambanta rayuwarta da ta ɗimbin mata masu irin baiwarta waɗanda ba wanda ya san sunansu. Masu ɗinkin hula da majema da marina da masu rubutun allunan talla da zanen jikin motoci da muke da su a Fagge da kewaye, yawancinsu har yanzu aikinsu yana fita ba suna, ribar kuma tana tsayawa a hannun dillali. Jami'in da ke shirya baje kolin sana'o'i a ƙaramar hukumarsa zai iya farawa da rubuta sunan kowane mai aiki da garinsu a jikin abin da ya kawo.

An nuna ayyukanta a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da kuma 1962, haka nan an nuna su a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai a 1960. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, inda ta yi gini a gaban ɗalibai da ƙwararrun magina, ta kuma yi irin wannan a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew suna nuna aikin. Mace ce mai fara'a da sakin jiki a gaban jama'a, kuma abin da ya fi ba masu kallo mamaki shi ne yadda katuwar randa ke tashi daidai wa daida ba tare da faifan juyi ba.

Shigarta cibiyar ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa duk sun biyo bayanta, suna ginin hannu a wani ɗaki da suke kira Ɗakin Gwari. Bayan Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar, Ladi kuma ta ci gaba da aiki da koyarwa. Cikin waɗanda suka zo koyo a wurinta a tsakiyar shekarun 1970 har da Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin fitattun magina a duniya.

Ta samu lambar girma ta MBE daga Ingila a 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar NNOM, wadda ake ba waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, sai kuma lambar OON a 1981.

Allah Ya yi mata rasuwa a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew. An sanya wa cibiyar ta Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a Abuja. Tukwanenta suna ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a Washinton, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales. A 2022 an sake baje ayyukanta a Landan tare da na wasu mata baƙar fata masu aikin yumɓu waɗanda suka zo bayanta.