Albert Howard, Masanin Takin Gargajiya

Ya kai ɗalibi, in ka tura hannu cikin tarin ciyawa da kashin shanu da ya kwana biyu, za ka ji zafi. Wannan zafi aikin wasu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani. Albert Howard yana cikin masanan da suka nuna wa manoma yadda za su ci moriyarsu.

An haife shi a Ingila a shekarar 1873, ɗan manomi ne. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya ƙware a ilimin tsirrai. A 1905 aka tura shi Indiya domin ya inganta noma. Da ya isa, bai raina manoman ƙauye ba. Ya zuba ido a kan aikinsu, har ya gane cewa lafiyar shuka tana tattare da lafiyar ƙasa.

Amma akwai matsala babba. Mutane da yawa suna ƙona busasshen kashin shanu don girki, saboda haka gonaki ba sa samun isasshen taki. Daga 1924 zuwa 1931, lokacin da yake shugabantar wata cibiyar bincike a garin Indore, Howard da abokan aikinsa suka tsara hanyar mayar da sharar gona taki.

Ga yadda ake yi. Ana jera kara da ganye da ciyawa a cikin rami, a haɗa da ɗan kashin dabbobi da ƙasar da ta sha fitsarinsu, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa. Funfuna da bakteriya su ne ke cin wannan haɗi suna ruɓar da shi. Tokar tana rage tsamin da ke hana su aiki. Suna bukatar iska, shi ya sa ake juya tarin sau uku. Zafin da suke haifarwa yana kashe irin ciyayi da ƙwan ƙuda. Bayan wata uku sai ka ga baƙin taki mai laushi.

A 1931 Howard ya bayyana wannan hanya a littafin da suka rubuta da Yeshwant Wad, ta kuma bazu zuwa ƙasashe da dama. Ya rasu a 1947.

Ka tuna, sharar gona da ake banka wa wuta bayan girbi abincin ƙasa ce. In ka tara ta, ka ba ta ruwa da iska, ƙananan halittun nan za su ƙarasa aikin.